Yadda katin Inna ya shiga gidan caca

Ni mai gyaran salula ne. Ɗan shagona yana bakin Kasuwar Dole a nan Damagaram: tebur ɗaya, gilashin nuna kaya ɗaya, sai allon soket da nake yi wa mutane caji a kai. Na fara da faɗin sana'ata ne saboda ita ta ba ni ƙarfin halin yin abin da na yi. Wanda ya yini yana buɗe cikin waya, sai ya ɗauka babu abin da ke cikinta da zai fi shi wayo.

Caca ta shigo mini ta ƙofar ƙwallo, kamar yadda ta shigo wa samari da yawa a garin nan. Ranar 22 ga Nuwamba 2022, a gasar cin kofin duniya ta Katar, Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1. Wani yaro a fadarmu ta shayi, wanda ko sunan ɗan wasa ɗaya bai sani ba, ya sa dala 100 a kan Saudiyya, wai don can ne alƙibla. Ya kwashi abin da ya saya wa kowa tsire har da canji. A daren nan na sauke manhajar. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Duk irinsu kusan jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ƙwallo tana da wani aibi ga mai zumuɗi: sai ka jira minti 90, wani lokacin sai ka jira Asabar. A gefen manhajar kuwa akwai wata ƙofa da aka rubuta wa kazino, kuma can babu jira. Akwai injinan da ke jera 'ya'yan itatuwa, akwai ɗan jirgin nan da ke tashi kuɗinka na ninkuwa har ya ɓace da su, akwai rulet. Rulet faifai ne mai gurbi 37, ja 18, baƙi 18, sai sifiri guda ɗaya kore. Wata mata ce a wani ɗaki a wata ƙasa take jefa ɗan ƙwallon kana kallonta kai tsaye, tana murmushi ko ka ci ko an cinye ka. Kafin kwastoma ya gama cire layinsa daga waya na buga sau biyu.

Abin da ya ɗaure ni ba cin ba ne, don cin ba shi da yawa. Matsayi ne. Suna da wani tsari da suke kira fidelite, wato ladan riƙon amana: duk jakar da ka zuba a wasa ana rubuta maka maki, ko ka ci ko ka faɗi. Makin ya taru, ka tashi daga tagulla zuwa azurfa, daga azurfa zuwa zinariya. Kowane mataki da romonsa. Ran Litinin a mayar maka da ɗan kaso daga abin da ka yi hasara a makon, a ba ka juyi kyauta a inji, a yi maka saurin biya. Da na hau zinariya sai ga saƙo a WhatsApp daga wani da ya ce shi ne mai kula da ni, yana kirana babban abokin hulɗa. Ni da ko a banki ba a taɓa ce mini zauna ga kujera ba! Na nuna wa mutanen fada saƙon nan, ina yi kamar ban damu ba.

Sai ga juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, da takunkumin da ya biyo baya. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki, kayan gyara da muke saro wa daga Kano suka zama sai an zagaya da su ta daji, kuɗinsu ya hau. Gilashin waya da nake samun riba a kai ya koma in na sa wa mutum sai in yi ta ba shi haƙuri. Caji kam ya yi kasuwa, amma man janareta yana cinye rabinsa. A cikin wannan ƙunci ne wani abokina mai kabu-kabu ya zauna a bencin shagona ya ce, "Kai da kake da wayoyi cike da durowa, me ya sa kake cin kyautar sabon shiga sau ɗaya tak?"

Kyautar sabon shiga ita ce babbar tarkonsu. Ka buɗe asusu, ka zuba jaka 20, wato sefa dubu 20, su ƙara maka jaka 20. Amma ba za ka iya fitar da ita ba sai ka juya ta sau 35 cikin kwana 30, wato sai jimillar abin da ka zuba a wasa ta kai jaka 700. Dabarar abokina ita ce: ka buɗe asusu da yawa da sunayen mutanen gida, kowanne ya karɓi kyautarsa, sannan ka zauna a teburin rulet ɗaya da waya biyu, wannan ya sa ja, wancan ya sa baƙi. In ba sifiri ya fito ba, dole ɗaya ya ci. Kuɗin ya tattaru wuri ɗaya, asusun da suka mutu su tafi da sharaɗinsu, kai kuma ka rage da jaka 700 guda ɗaya a gabanka maimakon uku, ga jari mai kauri. A baki, lissafin ya yi daɗi ƙwarai.

Tsakiyar Disamba na yi. Layin maiɗakina, na ce mata garaɓasar kiredi ce. Layin ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou, na ce masa wata waya nake gwadawa, ya karanto mini lambobin da aka turo masa. Na ukun shi ne layin Inna, wanda dama a hannuna yake, don ta nan ƙanwata da ke aure a Agadas take turo mata ɗan abin cefane ni kuma in karɓo. Jaka 60 na zuba daga jarin shago, suka zama 120. Na jawo wayoyi biyu daga cikin waɗanda masu su suka kawo gyara ba su dawo ba, na rufe shago bayan isha'i, na jera su a tebur. Juyi na farko, jaka 40 da jaka 40, Inna da maiɗakina: Inna ta ci. Juyi na biyu, Inna da ƙanena: Inna ta sake ci. Cikin minti 10 duk kuɗin sun koma asusun tsohuwar da ba ta taɓa riƙe wayar shafawa ba. Na yi dariya ni kaɗai, na ce ai dama uwa da albarka.

Daga nan sai aikin jaki. Rulet ba ya shiga lissafin juyin, don haka na koma inji, ina buga ƙanana-ƙanana dare bayan dare, ido na zafi. Kuɗin suka zaizaye har jaka 70, sai wani dare injin ya buɗe baki, suka haura. A tsakani aka shiga sabuwar shekara, kuma a nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in riƙe baki. Mu mutanen wani ƙauye ne a wajen Mirya, a gida aka haife mu, takardun haihuwarmu daga baya aka yi su a gaban alƙali, kuma kamar dubban 'yan ƙasar nan, abin da aka rubuta wa kowannenmu shi ne 1 ga Janairu. Ni, da Inna, da ƙanena, har da maiɗakina. Safiyar ranar, saƙon barka da zagayowar ranar haihuwa ya shigo sau huɗu, kowanne da juyi 20 kyauta. Ƙyuya ta hana ni ɗauko wasu wayoyi. Da wayata na shiga asusu huɗun, ɗaya bayan ɗaya, kafin shayina ya huce.

Ranar 13 ga Janairu 2024, ranar da aka buɗe gasar cin kofin Afirka a Kodebuwa, sandar da ke nuna juyi ta cika. Jaka 186 ne a asusun Inna. Na danna fitarwa, na tafi kallon wasan farko, har na yi wa mai tsire alkawarin biyan tsohon bashi gobe.

A asusuna na zinariya, kuɗi ba sa wuce minti 15. Wannan kuwa ya kwana an rubuta masa ana dubawa. Ya sake kwana. Rana ta uku na buɗe wurin hira da su, da Faransancina na wanda ya tsaya aji uku a kolej. Amsa ta zo nan take, irin amsar da ka san ba mutum ya rubuta ta ba: domin tsaron kuɗinki, uwargida, muna buƙatar hoton katin shaidarki gaba da baya. Uwargida. Sai a lokacin na tuna cewa a wurinsu ni tsohuwa ce.

Katin Inna yana cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadonta, tare da carbin marigayi Baba da katin zaɓe. Na ce mata kamfanin waya ne ke sabunta rajistar layuka. Ta ɗauko ba tare da tambaya ba. Hoton farko suka ce haske ya yi yawa. Na biyu suka ce an yanke kusurwa. Kowace amsa sai ta ci kwana ɗaya. Na uku ya fita tas, sai suka ce wa'adin katin ya ƙare.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa washegari na tsayar da adaidaita a ƙofar gida. Inna ta fito da atamfarta ta Sallah, ta yafa lulluɓin da take zuwa biki da shi. Maƙwabciyarmu ta ce, "Ina zuwa haka da sassafe?" Ta ce, "Yaron nan ne ya ce sai an sabunta mini kati." Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, yaron nan nake har na yi furfura. A wurin mai hoto ta zauna tsaf kamar amarya, mai hoton yana cewa, "Inna, a ɗan ja lulluɓin baya, a ɗaga haɓa," tana yi tana jin kunya. Muka wuce kumsariya, aka cika takardu, ta dangwala yatsa. A hanyar dawowa, daidai inda ake hango duwatsun Birni, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Allah ya yi maka albarka. Tun rasuwar mahaifinku babu wanda ya tuna da takarduna." Na ce amin. Iskar hunturu tana kaɗawa, ni kuwa gumi nake.

Da sabon katin ya fito na tura, suka karɓa. Na ce to, an zo ƙarshe. Sai suka ce yanzu hoton mai asusun ake so, tana riƙe da katin kusa da fuskarta, a ɗaya hannun kuma takarda da aka rubuta sunan kamfanin da kwanan watan ranar da hannu. Na rubuta da biro a bayan kwalin sharja. Na tsayar da Inna jikin bango inda rana ke bugawa. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, "Me aka rubuta?" Na ce sunan kamfanin waya ne. Ta ce, "Su kuwa mutanen nan ba su gaji da ganina ba?" Hoton nan yana nan a wayata har yanzu. Ban iya share shi, ban kuma iya kallonsa.

Sai shaidar wurin zama. Suka ce takardar kuɗin wuta ko ta ruwa mai ɗauke da sunanta, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Takardar kuran ɗin gidanmu sunan Baba ne a kai, shekara da shekaru bayan rasuwarsa, kamar ta gidaje da yawa. Ruwa kuwa, duk wanda ya san Damagaram ya san mai kura da jarkoki ba ya ba da rasit. Kwatancen gidanmu shi ne bayan masallaci, kusa da mai ƙosai. Na bi ta wurin mai unguwa, na je ma'aikatar magajin gari, aka yi mata takardar shaidar zama. Wannan bai ba ni wuya ba, yini ɗaya ne da ɗan kuɗin tambari.

Abu na huɗu shi ne ya tsinka mini gwiwa: hoton tarihin kuɗin da ke shiga da fita a layinta, na watan Disamba. Na buɗe na duba da idon wanda zai karɓa. Ga jaka 20 sun shigo daga lambata. Bayan minti 4, ga su sun fita zuwa gidan caca. Lambata kuwa ita ce ke kan asusun zinariya fiye da shekara. Na yi tunanin gyara hoton, ai ina da kayan aiki. Sai na tuna abin da nake gaya wa kwastomomi kullum in sun zo da wayar da aka sato: kowace waya tana da lambarta da ba ta canzawa don an sauya layi, kuma duk wayoyin da suka hau intanet ta akwati ɗaya, ƙofa ɗaya suke bi. Wayoyina uku duk a kan ɗan akwatin intanet na shagona suke a daren ja da baƙi. Ga kuma ranar haihuwa. Na tura hoton yadda yake.

Ranar 28 ga Janairu gari ya ɗauka cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Kowa a bakin kasuwa maganar yake, ni kuwa ina can ina danna asusuna na zinariya yana ƙin buɗewa. An dakatar da shi, da jaka 41 na gumina a ciki, da makin da na tara wata 14. Na rubuta wa mai kula da ni a WhatsApp. Alama biyu suka yi shuɗi. Shiru. Mutumin da a da in na kwana biyu ban buga ba sai ya tambaye ni ko lafiya.

Da yamma ƙanena ya zo shago da wayarsa a hannu. Shi ma an turo masa saƙo cewa ana binciken asusunsa. Ya ce, "Yaya, wane kont ne nake da shi ban sani ba?" Na gaya masa komai. Bai ɗaga murya ba, don ba a yi mana tarbiyyar haka ba, amma ya jawo littafin da nake rubuta bashi ya juya bayansa. Tattalin arziki yake karantawa, kuma ranar na ga amfanin kuɗin makarantar. Ya ce injinan nan, in sun yi kirki, a kowace 100 da aka zuba suna mayar da wajen 96 ne a kan dogon lokaci, 4 na gida ne. To 4 bisa 100 na jaka 700 nawa ke nan? Jaka 28. "Sun ba ka 20, sun sa ka bi hanyar da ake biyan 28 a ƙofa. Ina kyautar?" Rulet ma, ya ce, sifirin nan guda cikin 37 shi ne albashin matar da ke murmushi, wajen kashi 2.7 na duk abin da aka ɗora a tebur.

Sannan ya sa na buɗo masa tarihin layina tun daga Nuwamba 2022. Ya yi ta tarawa, ni ina ta sa wa mutane caji ina satar kallonsa. Abin da na zuba: jaka 612. Abin da na fitar: jaka 370. Romon Litinin gaba ɗaya, wanda nake taƙama da shi a fada, bai kai jaka 30 ba. Ya ce wannan tsarin na matakai ba don a gode maka aka ƙirƙiro shi ba. Manyan gidajen caca na Amurka ne suka raine shi. Wani kamfani mai suna Harrah's har malamin jami'ar Harvard ya ɗauko, Gary Loveman, a 1998, aikinsa shi ne ya karanta abin da katin kowane ɗan wasa ya rubuta, ya san wa zai dawo, wa ya kusa gudu, da ɗan abin da za a jefa masa ya tsaya. Ya ce, "Littafin da ke rubuta maka maki, Yaya, shi ne dai littafin da ya kama ka."

Ya nemo mini sharuɗɗan da na danna na amince ban karanta ba, ya fassara mini su layi-layi. Asusu ɗaya ga mutum ɗaya, gida ɗaya, waya ɗaya, hanyar biya ɗaya. Ba a ɗora fiye da jaka 3 a juyi ɗaya muddin kuɗin kyauta na aiki. Ni na ɗora 40. Ba a rufe ja da baƙi lokaci guda. Babu ɗaya da na bari ban taka ba. Don haka ba zan zauna in ce an zalunce ni ba, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Amma akwai abin da har yau yake ci mini rai, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Duk abin da suka kama ni da shi, suna da shi tun daren farko. Injinsu ya ga wayoyi uku a ƙofa ɗaya lokacin da nake zuba kuɗi, bai ce uffan ba. Ya bar ni na ɗora jaka 40 alhali ƙa'idarsu 3 ce, da rufe maɓallin ba wuya ba ne a wurinsu. Asusun maiɗakina da na ƙanena, da aka cinye su cikin minti 10, babu wanda ya tambayi katinsu, ko takardar wutarsu, ko hotonsu jikin bango. Da kuɗin Inna ma sun ƙare a inji, da har yau ita abokiyar hulɗa ce mai daraja. Mai gadin yana barci in za ka shiga da kaya, sai in za ka fita da su yake farkawa.

Mataki na ƙarshe ya zo ranar Talata: kiran bidiyo da mai asusun, Juma'a 9 ga Fabrairu da ƙarfe 4 na yamma. Ita kaɗai a gaban waya, babu mai tsaya mata. Za a tambaye ta yaushe ta buɗe asusun, nawa ta zuba, wane wasa ta buga a ƙarshe. Kwana biyu ina saƙa da warwara. Abokina mai kabu-kabu ya ce in sa wa maiɗakina niƙabi. Na yi tunanin koya wa Inna kalmomi biyar na Faransanci. Allah ya sani har na fara tsara su.

Daren Alhamis na shiga ɗakinta. Tana zaune gaban kaskon wuta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na durƙusa na gaida ta, na ce akwai magana. Na faro daga Disamba. Hannunta bai tsaya ba, ƙas, ƙas, ƙas, har na kai wurin takardar da ta riƙe. A nan ta ajiye gyaɗar.

"To da sunana aka yi cacar?"

Na ce e.

"Da hoton nan da na ja lulluɓina baya?"

Na yi shiru.

Ta daɗe tana kallon garwashi. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta jawo mini ayar nan ta 90 a Suratul Ma'ida da kowane yaro ya ji a bakin malamai, wadda ta haɗa giya da caca wuri ɗaya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Ba zan zauna gaban kowa in yi ƙarya da furfurata ba. Kuɗin kuma ko sun zo da ƙafarsu, ba a gidan nan za su kwana ba. Kawo mini layina." Na cire shi daga wayar na miƙa mata. Ta ƙulle shi a bakin zane, ta ci gaba da gyaɗarta. Ban ji ta sallame ni ba, don haka na yi ta durƙuso har ƙafata ta mutu.

Juma'a ƙarfe 4 ina shago ina canza wa wani bakin caji. Ran Lahadi aka buga wasan ƙarshe, Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1. Gidan kallo ya cika, mutane ba su ma san wa za su goya wa baya ba, tunda duka ƙasashen biyu ana jin haushinsu a kan takunkumi. Wannan ne wasa na farko cikin wata 14 da na kalla ban sa ko dala ba, kuma gaskiya ya yi mini lami.

Litinin wasiƙarsu ta zo, layi bakwai. An tabbatar da alaƙa tsakanin asusu huɗu. An rufe su duka, har abada. An soke kyaututtuka da duk abin da aka ci da su. An soke maki da matsayi. Za a mayar da jaka 20 da aka zuba zuwa lambar da suka fito, da jaka 41 nawa. Hukuncin ba ya karɓar ɗaukaka ƙara. Na tambayi ƙanena ko akwai inda ake kai kuka. Ya gangara can ƙasan shafinsu ya nuna mini ƙananan haruffa: lasisinsu na Kurasawo ne, wani tsibiri a tekun Karibiyan da ke ƙarƙashin masarautar Holan. Tsofaffin da ke buga cacar doki ta LONANI, gidan cacar gwamnati, aƙalla takarda ce a hannunsu, kuma akwai mutum zaune a rumfa da za su kalli idonsa. Ni ko da akwai ofishi a nan unguwar Zango, me zan ce in na je? In ce na sa sunan uwata a caca an hana ni riba?

Ba zan yi ƙaryar cewa ranar na daina ba. Na buɗe a wani kamfani, da sunana wannan karon, na yi wajen wata biyu. Abin da ya kashe mini jiki shi ne ganin kalmar tagulla a ƙarƙashin sunana, da sanin jaka nawa ne tsakanina da zinariya, tunda yanzu na iya lissafin. Na goge manhajar cikin azumi.

Jaka 41 sun shigo bayan kwana 9, na biya mai tsire da wani ɓangare na bashin kaya. Jaka 20 kuwa layin Inna suka faɗa. Ta aiki ƙanena ya karɓo, ta kira maiɗakina ta danƙa mata, ta ce, "Jarinsa ne, ba na cacar ba. Riƙe, kada ki ba shi." Yanzu ƙanena ne ke karɓo mata saƙon Agadas. Ta koma gaisawa da ni kamar da, amma kwallar takardu ta tashi daga ƙarƙashin gado, ban san inda ta koma ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar 1 ga Janairu 2025 muna zaune a tsakar gida ana shan kunu, sai 'yar ƙaramar wayar da ƙanena ya saya mata ta yi ƙara. Ta miƙa masa ta ce ya duba ko daga Agadas ne. Ya karanta, ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Inna, wasu ne ke yi miki barka da ranar haihuwa. Wai sun yi kewarki, sun ajiye miki juyi 20."

Ta ce, "Juyin me? Waina?"